Heaven to a Tortured Mind: faifan da Yves Tumor ya karkata daga na'ura zuwa jita, da yadda ake jin daɗinsa

Kamfanin Warp na Ingila ne ya fitar da Heaven to a Tortured Mind ranar 3 ga Afrilu 2020, a daidai makonnin da korona ta sa aka garƙame gidajen rawa da filayen wasa. Waƙoƙi 12 ne a ciki, tsawonsu duka minti 36 da 'yan daƙiƙu. Ana samunsa a baƙin faifan garmaho mai faɗin inci 12, da faifan CD, da kuma fayil ɗin da ake saukewa ko a saurara ta intanet. Kwalliya ta biya kuɗin sabulu, amma da sharaɗi biyu. Na farko, kada a saurare shi ta lasifikar waya, domin rabin aikin yana can ƙasa inda waya ba ta kaiwa. Na biyu, wanda ya zo neman rok irin na mutum huɗu da suka shiga ɗaki ɗaya suka buga kai-tsaye, ya sani cewa rigar rok ce aka sa wa faifan, ɗinkin kuwa na mai aiki da kwamfuta ne. Daɗin faifan da aibinsa duk daga wannan ɗinki suka fito.

Inda aka baro

Sunan mawaƙin na yanka Sean Bowie. A Miami aka haife shi, ya tashi a Knoxville ta jihar Tennessee a Amurka. A shekara ta 2016 kamfanin PAN na birnin Balin, wanda ya yi suna wajen fitar da kiɗan gwaje-gwaje, ya fitar masa da Serpent Music. Wanda bai saba ba, idan ya kunna wannan faifai, zai iya zaton lasifikarsa ce ta samu matsala: ɗan guntun kiɗa yana ta maimaita kansa, ƙarar ruwa da takun ƙafa da aka ɗauko da makirufo a waje, murya can nesa kamar ta mai magana a bayan katanga. A 2017 ya ba da Limerence a wani kundin haɗaka na PAN mai suna Mono No Aware, waƙar da ba ta da ganga ko ɗaya, sai amo mai laushi da muryar wata mace tana magana.

Yadda ake gina irin wannan kiɗa ya bambanta da na ƙungiya. Ana yanko gutsuren sauti na daƙiƙa biyu zuwa takwas daga tsohon faifai ko daga abin da aka ɗauka da makirufo, a sa shi cikin manhajar haɗa kiɗa, a rage masa sauri ko a ƙara, a sa shi ya riƙa zagayowa. Sannan a riƙa ɗora wasu a kansa. Waƙa ba ta tafiya daga baiti zuwa amshi. Kauri take ƙarawa, ta rage, sai ta tsaya a inda mai ita ya ga dama.

Da ya koma Warp, kamfanin da aka kafa a Sheffield a 1989 wanda ya fito da su Aphex Twin da Autechre, ya saki Safe in the Hands of Love a watan Satumba 2018 ba tare da sanarwa ba. Nan aka fara ganin ƙafarsa ɗaya a waje. Noid da Lifetime suna da ganga mai ƙarfi da amshin da za a iya rerawa, amma a gefensu akwai waƙoƙin da ƙara ce zalla, mai sa a rage murya a mota. Mujallar Pitchfork ta ba shi maki 9.1 cikin 10. Shi kuwa Heaven to a Tortured Mind ta ba shi 8.5.

Abin da ya canza a cikin sautin

Babban canji yana wurin jitar bas. A tsofaffin ayyukansa, ƙasan sauti gurnani ne na na'ura wanda ba shi da baki ba shi da hanci. A nan kuwa bas ce ke jan ragama, ana jin yatsa na taɓa tsirkiya, kuma kusan kowace waƙa idan ka cire komai ka bar bas da ganga za ka gane ta. Tsirkiya mafi kauri a jitar bas tana kaɗawa sau 41 a daƙiƙa, wato 41 Hz, ta jita mai tsirkiya shida kuma 82 Hz. Riƙe waɗannan lambobi, za su yi amfani idan an zo maganar abin sauraro.

Na biyu ganguna. Na'urar ganga tana bugawa daidai wa daida, kowane bugu ƙarfinsa ɗaya, lokacinsa ɗaya. Hannun mutum ba haka yake ba: wani bugun ya riga lokaci da ƙiris, wani ya makara, wani ya fi wani nauyi. Wannan 'yar tangarɗa ita ke sa jiki ya motsa. A wannan faifai gangunan suna da wannan rai, sai dai an matse su matuƙa da abin da ke danne ƙarar da ta yi sama ya ɗago wadda ta yi ƙasa. Sakamakon shi ne ganga mai kauri da ke tsaye a gaban fuskarka, amma kuge da farantan ƙarfe na sama wani lokaci sukan yi tsatsa a kunne.

Na uku murya. Da can ɓoye ta yake yi. Yanzu ya fito da ita tsakiya, yana ja da ita ƙasa kamar mai gunaguni, yana kuma haurawa da siririyar murya irin wadda ta sa masu sharhi da yawa suka riƙa ambaton mawaƙin Amurka Prince. Gaskiyar magana, muryarsa ba ta da faɗi, kuma shi ma kamar ya san da haka, shi ya sa ya jero mata a gefensa: Diana Gordon, Kelsey Lu, Julia Cumming ta ƙungiyar Sunflower Bean. Duk inda waƙa ke buƙatar a haura tudu, su ke ɗaukar kayan.

Na huɗu tsari. An samu baiti, an samu amshi, an samu wurin da jita ke fita ita kaɗai ta yi kuka. Justin Raisen, wanda suka shirya faifan tare, mutum ne da ya yi aiki da mawaƙa irin su Angel Olsen da Sky Ferreira da Kim Gordon, wato ya san yadda ake kama waƙa mai kaifi a sa mata hannun riƙewa ba tare da an dakushe ta ba.

To amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Tsohuwar sana'ar yankan gutsure ba ta tafi ko'ina ba, ɓuya ta yi. Kakakin da ke buɗe Gospel for a New Century, waƙar farko, ba mabusa aka tara a situdiyo suka fara shi ba: an yanko shi ne daga wata tsohuwar waƙar Koriya ta shekarun 1970. Saurari daƙiƙun farko da kyau. Busar na tashi, sai a datse ta ɗif, shiru na ƙiftawar ido, ta sake tashi, a sake datsewa. Mabushin gaske ba ya iya yanke numfashi haka, domin ko ya tsaya ɗakin zai riƙe amon na ɗan lokaci. Wannan shirun almakashi ne ya yi shi. Sai bas da ganga su faɗo a kai, kuma daga nan kunne ya daina tambayar wane ne mutum wane ne na'ura.

Haka Kerosene! take. Jitar da ke ɗauke da waƙar, wadda mutane da yawa suke ɗauka sabuwa ce, tushenta Weep in Silence ne na ƙungiyar Uriah Heep ta Ingila, daga faifansu na 1976. Wato a waƙar da ta fi kowace kama da rok na gargajiya, hanyar aikin ta mai kwamfuta ce. Wanda ya gane wannan ya gane faifan.

Waƙoƙin

Gospel for a New Century ita ce ƙofar shiga, kuma da wuya a samu wanda za ta kora. Kada sunan ya ruɗe ka, ba waƙar coci ba ce, waƙar soyayyar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa ce. Medicine Burn da ke biye da ita ta fi kowace kusa da tsohon halinsa: jita mai ƙazamin amo, ganga kamar ana rushe rumfa, kalmomi masu siffanta jini da yanke-yanke. An ajiye ta a lamba ta biyu kamar da gangan, don wanda ya shigo saboda daɗin ta farko ya san gidan da ya shigo. Identity Trade gajeriya ce, busa na yawo a cikinta ba bisa layi ba.

Kerosene! ta ɗan haura minti 5, ita ce mafi tsawo, kuma ita ce kaɗai aka bari ta nuna har ta faɗo da kanta. Tana farawa a hankali. Shi ya yi baiti, Diana Gordon ta amsa, su haɗu, jita ta raba su, su sake haɗuwa a sama da inda suka tsaya. Abin lura shi ne yadda aka raba musu wuri. Muryar mace mai ƙarfi da jita mai kuka duk suna zaune ne a yanki ɗaya na sauti, tsakanin 1,000 zuwa 4,000 Hz, kuma idan aka sake su tare ɗaya kan cinye ɗaya. A nan karɓa-karɓa suke yi: idan ta ja dogon sauti jitar na lafawa, idan ta sauke jitar ta miƙe. Sai can wajen ƙarshe ake barin su su yi karo, lokacin da karon ya zama shi ake nema.

Hasdallen Lights tana da daɗi amma kafin ka gyara zama ta ƙare. Romanticist ba ta kai minti 2 ba, kuma ba a yi ta don ta tsaya ita kaɗai ba: tana zubawa ne kai-tsaye cikin Dream Palette, wadda ke buɗewa da ƙara kamar ta wasan wuta da ganguna masu gudu, Julia Cumming na ƙwala murya a sama. Waɗannan biyu abu guda ne da aka ba suna biyu. Super Stars ita ce ta siririyar murya da jita mai lanƙwasa, wadda za a iya sa wa baƙo ba tare da dogon bayani ba.

Daga nan faifan ya fara sanyi. Folie Imposée ta koma hazo irin na da. Strawberry Privilege an gina ta a kan muryoyi masu maimaita gaɓa ɗaya kamar ganga, bas na tafiya a ƙarƙashi, kuma ta fi yadda ake zato daɗewa a kai. Asteroid Blues kusan babu waƙa a cikinta, bas ce ke ta zarya. A Greater Love ta rufe a natse.

Inda ya gaza

Gajarta ce babbar matsala. Raba minti 36 gida 12, kowace waƙa ta tashi da kimanin minti 3, kuma huɗu daga ciki minti 2 ne ko ƙasa da haka ko sama da ƙiris. A kiɗan na'ura wannan ba laifi ba ne, domin guntu yana iya zama guntu. Amma da zarar ka yi wa mai sauraro alkawarin baiti da amshi, yana jiran amshin ya dawo karo na biyu da na uku, yana jiran gada, wato sashen da ke sauya salo kafin amshi ya dawo, yana jiran saukowa. Identity Trade da Hasdallen Lights da Asteroid Blues duk an ɗanɗana wa baki ne aka janye cokali. Dalilin a bayyane yake: waƙar da aka gina a kan gutsure mai zagayowa ba ta da wani wurin zuwa, sai dai a ƙara mata kaya ko a kashe ta. Mai rubuta waƙa da jita a hannu yana iya sauya matakin sautin waƙar ya buɗe sabuwar hanya. Mai gutsure yana ɗaure da abin da ya yanko.

Na biyu, nauyin faifan ya taru a gaba. Waƙoƙin da ake komawa dominsu suna cikin takwas na farko. Na uku, kalmomin ba su kai kiɗan ba. Yawancinsu kiran masoyi ne da maimaita layi ɗaya, kuma wanda ke sauraron waƙa don azanci da sarrafa harshe ba zai ƙoshi ba. Na huɗu, cunkoso: a Medicine Burn da Dream Palette komai yana ƙara a lokaci guda, kuma a na'ura mai arha sai su dunƙule su zama hayaniya.

Akwai kuma abin da ya kamata mai iyali ya sani. Bidiyon Gospel for a New Century yana nuna mawaƙin da ƙahoni da shiga irin ta shaiɗan, da masu rawa cikin shigar da ba ta falo ba ce. Sautin kaɗai ba shi da wannan matsala sosai, amma hoton ba na kallo da yara ba ne.

Wanne za a saya, kuma da me za a saurara

Ta intanet ya fi sauƙi. Yana kan manyan manhajojin sauraro, kuma ana sayen fayil ɗinsa a Bandcamp ko a Bleep, shagon intanet na kamfanin Warp. Ga lissafin data na faifan gaba ɗaya. A ingancin 96 kbps, wato ma'aunin datar da sauti ke ci a kowace daƙiƙa, zai ci kimanin megabait 26. A 160 kbps kimanin 44. A 320 kbps kimanin 87. Fayil marar matsi irin na CD, mai 1,411 kbps, ya kusa megabait 390, idan kuma FLAC ne, wato fayil mai rage girma ba tare da rage inganci ba, ya sauko wajen 250. Shawara ita ce kada a yi ƙasa da 160. Matse fayil yana fara cin sautin sama ne, kuma tunda farantan ƙarfe da jitar wannan faifai dama a cushe suke, a 96 sai su koma kamar ana watsa ruwa a kwanon rufi. Sauke shi sau ɗaya a 320 inda akwai intanet mai arha ya fi a riƙa jawo shi kullum a ƙaramin inganci.

Kafin a danna kunnawa, a gyara abu uku a cikin manhaja. A kashe zaɓin da ke cakuɗa jerin waƙoƙi. A kashe wanda ke narkar da ƙarshen waƙa cikin farkon ta gaba, domin idan an sa shi a daƙiƙa 5 ko 10 zai haɗiye mahaɗar Romanticist da Dream Palette, ya kuma ɓata datsewar farkon faifan. A kunna wanda ke hana shiru tsakanin waƙoƙi. Wanda ya sauke fayilolin MP3 ya zuba a katin waya ko filashi don mota, ya duba cewa sunayensu sun fara da 01, 02 har zuwa 12. In ba haka ba rediyon mota zai jera su bisa harafi, A Greater Love ta zo farko, faifan ya fara daga wutsiya.

Lasifikar waya ba ta fitar da abin kirki ƙasa da 'yan ɗaruruwan Hz. Ka tuna bas tana sauka har 41. Ma'ana duk abin da ke riƙe da Gospel for a New Century da Strawberry Privilege da Asteroid Blues zai ɓace, a bar ka da kakaki da kuge da murya, sai ka ce faifan ƙaiƙayi ne da shi. Ƙaramar lasifikar Bluetooth mai baki ɗaya ta fi waya, amma tana da nata ciwon: tana haɗe sautin dama da na hagu wuri guda. Jitar da aka baza gefe biyu don ta yi faɗi, idan aka haɗe ta, wani sashenta yana kashe wani, sai ta yi siriri, murya kuma ta yi tsalle ta fito gaba fiye da yadda aka tsara.

Abin kunne mai waya, ko da mai sauƙin kuɗi ne, ya fi duka biyun, in dai robar bakinsa ta toshe kunne sosai. Yawanci yana zuwa da roba girma uku. Gwada su duka. Idan iska na shiga ta gefe, bas ta gudu, kuma mutane da yawa da ke cewa abin kunnensu ba shi da nauyi robar ce ta yi musu ƙanƙanta. Idan wayar na da wurin daidaita sauti, kada a taɓa maɓallin ƙara bas, domin faifan ya riga ya cika a ƙasa, ƙari zai sa ganga da bas su cakuɗe. Abin da ya fi amfani shi ne a rage yankin 3,000 zuwa 4,000 Hz da desibel 2, kaifin Medicine Burn zai sauka ba tare da murya ta nutse ba. A mota kuma a mayar da bas da tirebul tsakiya, a kashe duk wani zaɓin da ke kwaikwayon babban zaure.

CD shi ne zaɓin da ba a cika yi masa adalci ba. Ingancinsa cikakke ne, ba ya buƙatar data, zafi bai cika lanƙwasa shi kamar garmaho ba, kuma ana iya kwafe shi zuwa kwamfuta a FLAC cikin 'yan mintuna.

Faifan garmaho kuwa abin sha'awa ne a hannu, kuma tsawon kundin ya dace da shi: minti 36 a raba biyu ya ba da wajen 18 a kowane gefe, wanda bai kai inda ake tilasta matse layukan a rage bas ba. Amma ga mai zama a Kano ko Maraɗi ko Zinder akwai abubuwan da za a auna kafin a tura kuɗi. Kuɗin aikowa daga Turai ko Amurka sau da yawa yakan kai kuɗin faifan ko ya wuce. Robar da ake yin sa da ita tana fara laushi idan zafi ya doshi digiri 60, kuma motar da aka rufe a rana a watan Afrilu tana iya kaiwa nan. Faifan da ya yini a bayan mota zai fito kamar faranti da aka taka. A ajiye shi a tsaye, ba a kwance an ɗora wasu a kai ba, nesa da taga da bangon da rana ke duka. Ƙurar hunturu kuma tana shiga layukan, ta riƙa ƙas-ƙas, kuma wurin da za ta fi ɓata rai shi ne waɗancan gajerun shirun na farkon waƙa ta ɗaya. A share da burushi mai laushi na musamman kafin kowane kunnawa. Idan wanki ya kama, tataccen ruwa zalla irin wanda ake ƙara wa batir, ba asid ɗin ba, da ƙyalle marar gashi, ban da omo, ban da ruwan famfo mai barin gishiri.

Sai na'urar juyawa. Gudun faifan zagaye 33⅓ ne a minti. Wutar Najeriya da Nijar 220 zuwa 230 ce a kan 50 Hz, ta Amurka kuwa 120 a kan 60 Hz. Tsohuwar na'urar Amurka da motarta ke bin bugun wutar gida, ko an sa mata taransifoma an rage ƙarfin wutar, za ta juya a kashi biyar cikin shida na gudunta, wato kusan 27.8. Sauti zai yi kauri, ya sauka da kimanin ƙananan matakai uku a ma'aunin kiɗa, faifan minti 36 ya koma kusan 44, siririyar muryar Super Stars ta zama ta wani mutum daban. A duba bayan na'urar ko jikin cajarta: idan an rubuta 100 zuwa 240V da 50/60 Hz, babu damuwa. Nauyin allura ma a kula. Kan allura irin AT-VM95E na Audio-Technica giram 2 yake so, Ortofon 2M Red kuma 1.8. Ƙananan na'urori masu kama da akwati sukan danna da giram 5 ko fiye, suna cin faifai, kuma duk da haka bas mai nauyi kan sa allurarsu tsalle. Idan amfilifaya ba ta da ramin da aka tanada don garmaho, sai an sa ƙaramin akwatin ƙarin ƙarfi a tsakani, in ba haka ba sautin zai fito ƙasa-ƙasa kuma babu bas sam. Wani abu da ba laifin kowa ba ne: a bakin faifai allura na shafar kimanin santimita 50 a daƙiƙa, kusa da tsakiya kuma wajen 20 kacal, shi ya sa waƙoƙin ƙarshen kowane gefe suke ɗan rasa haske, harafin s ya riƙa tsartuwa.

Idan ya yi maka, ina za ka nufa

Bayan wannan faifai bai waiwaya ba. A Yuli 2021 ya fitar da ƙaramin kundi mai waƙa 6, The Asymptotical World, inda Jackie take, wadda suka yi da majiɗin jita Chris Greatti. Ita ce mafi sauƙin shiga kunne a duk abin da ya yi. A Maris 2023 kuma ya fitar da kundi mai dogon suna da ke ƙarewa da Hot Between Worlds, Noah Goldstein ya shirya, Alan Moulder ya haɗa sautin, mutumin da ya yi aiki da My Bloody Valentine da Nine Inch Nails. Wannan na 2023 ya fi tsabta, jitocin sun fi faɗi, waƙoƙin sun fi kammaluwa, kuma ya fi haƙuri da lasifika mai arha. Abin da ya rasa shi ne alamar almakashi. An goge ɗinkin har ba a ganinsa, kuma da ya ɓace wani abu na mamaki ya tafi tare da shi.

Masu bin kiɗan Nijar za su ga wannan hanya ba baƙuwa ba ce. Mdou Moctar ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato a 2008, da gangar na'ura da muryar da kwamfuta ta lanƙwasa irin ta waƙoƙin finafinan Hausa na lokacin, waƙoƙin suka yaɗu daga waya zuwa waya. Zuwa Afrique Victime na 2021 ya zama jagoran ƙungiyar rok sosai, da ganga da bas da jita biyu. Bambancin shi ne Mdou majiɗin jita ne tun asali da ya ratsa ta situdiyon na'ura ya koma gida. Yves Tumor kuwa na'urar ce ta yi masa suna, kuma ko da ya shigo da jita bai ajiye almakashinsa ba.

Wanda bai taɓa jin sa ba ya fara da Gospel for a New Century, Kerosene! da Super Stars, minti 11 da ɗoriya ke nan, data ƙasa da megabait 30 a inganci mafi girma. Idan sun zauna, a saurari faifan daga 1 zuwa 12 a jere. Daga nan mai son ƙarin jita ya wuce 2021 da 2023, mai son sanin inda gutsuren suka samo asali ya koma 2018. Serpent Music a bar shi ƙarshe, da dare, da abin kunne, a kuma fara da murya ƙasa-ƙasa.